Shirun Bebiya Ba Yarda Ba Ne

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya ƴan'uwa Musulmi, wani mutumin Sanam da ya daɗe yana bida a Gabon ya zo mana da labarin da ya tsaya mana a rai. Ya ce a jirgin ruwan da ya ɗauke su daga Kwatano akwai wata mata bebiya, talaka, mai hidimar fasinjoji. Ita ke rabon abinci, ita ke shara, ita ke goge aman waɗanda teku ta juya wa ciki. Har suka sauka bai ga ta zauna ba. Wani ma'aikacin jirgin ya ce masa babu kamarta wajen haƙuri, domin ba ta gardama, ba ta kai ƙara, ba ta neman ƙarin kuɗi.

Wannan yabo ne ya tayar mana da hankali. Mai haƙuri shi ne wanda ya kame harshensa alhali yana da ikon sakinsa. Wadda aka halitta ba ta magana kuwa, ta yaya za mu san shirunta haƙuri ne ko ciwo, in ba mu tambaye ta ba? Wataƙila ta gamsu da aikinta. Wataƙila kuma ana cinye rabin ladanta, ko ana tare ta da dare a tsakiyar teku, inda babu maƙwabci babu wurin gudu. Masu yabon ba su sani ba, ba su kuma nemi sani ba, domin rashin sanin ya fi musu riba.

Yarjejeniyar aikin teku ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda aka ƙulla a 2006 ta fara aiki a 2013, ta ƙidaya mai shara da mai dafuwa cikin ma'aikatan jirgi, ta ba su hutun awa 10 aƙalla cikin awa 24, da haƙƙin kai ƙara a cikin jirgin. Madalla. Sai dai ƙara da baki ake kai ta ko da alƙalami, ita kuwa ba baki, kuma da wuya in an taɓa sa ta lakkol.

Shari'a ba ta bar irin wannan baiwar Allah a rufe ba. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Anas cewa wani mutum ya fasa kan wata yarinya a Madina tsakanin duwatsu biyu saboda kayan adonta na azurfa. Aka same ta da sauran numfashi, magana ta gagara. Aka riƙa ambata mata sunaye ɗaya bayan ɗaya, har aka zo kan sunansa ta yi nuni da kai. Aka kamo shi, ya amsa laifinsa, Manzon Allah (SAW) ya yi umarni da ƙisasi. Mu lura: ba a jira ta yi magana ba, mutane ne suka sunkuya suka nemi amsarta ta hanyar da take iyawa. A mazhabarmu ta Imamu Malik, ishara ta bebe, in ana gane ta, tana tsayawa matsayin furuci a ciniki da aure da saki, har shaidarsa ana karɓa, ko da yake Hanafawa sun saɓa a nan.

Wani zai ce, me ya kai mace cikin jirgi ba muharrami? Tambaya ce mai wuri, amma a fara yi wa danginta da suka bar ta da yunwa. Ko da ta yi kuskure, kuskurenta bai halatta wa kowa guminta ba.

Kada mu ce wannan zancen bakin teku ne, mu nan Kurfai ba jirgi. Akwai bebaye mata a garuruwanmu, daga Sanam har Filinge, masu daka da jan ruwa a gidajen da ba nasu ba. Akwai waɗanda ake kai wa aikatau Yamai, wani ya riƙa karɓar kuɗinsu a ƙarshen wata. Mafi muni shi ne ranar aure, a ce an gaya mata ta yi shiru, shirun budurwa kuwa yarda ne. Subhanallahi! Wancan hukunci an gina shi kan kunyar wadda za ta iya cewa a'a.

Bebaye suna da harshensu. A Kano ana kiransa maganar hannu, kuma akwai makarantar kurame a Tudun Maliki. Ko a ƙauye, kowace bebiya tana da uwa ko ƙawa mai gane hannunta. Mu limamai, nauyin farko a kanmu yake: kada mu ɗaura auren bebiya, kada mu shaida cinikin kayanta ko rabon gadonta, sai an kawo mai gane ishararta, wanda ba shi da riba a cikin al'amarin, an tambaye ta a gaban shaidu biyu, mun ga amsarta da idonmu.

Allah ne Mafi sani.