Hukuncin Lauyan da Ya Bari Wa'adin Ɗaukaka Ƙara Ya Wuce

Tambaya: Wani ɗan kasuwar tattasai daga gaɓar Komadugu ya yi ƙarar abokin cinikinsa a kotun Diffa a kan kuɗin buhunan da ya ba shi bashi, hukunci bai yi masa daɗi ba, ya biya lauya don ya ɗaukaka ƙara zuwa Damagaram, lauyan kuma bai shigar da takarda ba har wa'adi ya cika. Shin ya halatta ya nemi diyya daga gare shi?

Amsa: Lauya a fiƙihu wakili ne a kan husuma, wato wanda aka ɗora wa tsayawa gaban alƙali a madadin wani, kuma da zarar ya karɓi lada aikin ya zama wajibi a kansa kamar na ɗan ƙwadago. Asali wakili amintacce ne, ba ya biyan abin da ya salwanta a hannunsa sai da ta'addi, wato ƙetare abin da aka umarce shi, ko tafriɗi, wato sakaci da abin da ya kamata ya kiyaye. Mance ranar da doka ta yanke tafriɗi ne bayyananne, domin sanin ranakun nan shi ne ainihin abin da manomi ko ɗan kasuwa ya saya a wurinsa.

Malikiyya sun yi fice wajen ɗora lamuni a kan wanda ya bar aiki, ba sai wanda ya aikata ɓarna da hannunsa ba. Shaihu Halil, a babin yanka na Muhtasar, ya lamuntar da wanda ya iske abin farauta da sauran rai, yana da ikon yanka shi, ya wuce har ya zama mushe, sa'an nan ya haɗa shi da wanda ya riƙe takardar shaidar bashi har haƙƙin mai ita ya tozarta. Takardar ɗaukaka ƙara da ta kwana cikin aljihun tebur ta fi kusa da wannan misali na biyu.

Sai dai abin da za a biya yana buƙatar natsuwa. Ladan aikin da ba a yi ba ana mayar da shi ba tare da jayayya ba. Amma kuɗin tattasan ba ya hawa kan lauya sai an tabbatar, da shaidu ko rubutu, cewa bashin gaskiya ne kuma rufewar ƙofar kotu ce ta kashe shi, domin ba a cin dukiyar mutum da zaton nasara.

Uzuri karɓaɓɓe yana sauke lamuni, kamar mai ƙara ya jinkirta aiko da takardunsa. Nisan hanya kuwa, ko dokar ta-ɓaci da jihar Diffa ta shiga a 2015, ba uzuri ba ne ga wanda ya karɓi aikin yana sane da su.

Abin da ya fi shi ne a fara da sulhu, in ya faskara a kai kuka ga shugaban ƙungiyar lauyoyi a Yamai, kafin a je gaban alƙali. Allah ne mafi sani.