Gefen Gona Na Wane Ne?

A Littafin Firistoci sura 23 Ubangiji ya jera wa Isra'ilawa idodinsu. Da ya gama bayanin Idin Makonni, wanda ake yi kwana 50 bayan Idin Ƙetarewa, lokacin girbin alkama, sai ya kafa wata doka a aya 22: kada mai gona ya girbe har gefe, kada kuma ya koma yin kala, sai ya bar wa matalauci da baƙo. Wato Allah bai raba idi da haƙƙin mayunwaci ba.

Har wa yau Yahudawa suna kiyaye wannan idi, a ranar kuwa sukan karanta Littafin Rut a majami'unsu. Rut gwauruwa ce, baƙuwa daga Mowab, wadda ta ciyar da surukarta Na'omi da kalan da ta yi a gonar Bo'aza. Daga zuriyarta Sarki Dawuda ya fito, Matiyu kuma ya ambace ta cikin asalin Yesu.

To, mu fa? A ƙasar Bichi da Ɗambatta da Tsanyawa gona tana manne da gona, rabon gado ya tsattsage ta, ba mu da saurar da za mu bari ta huta. Ko kara da harawa ma kuɗi ne. Wani zai ce wannan doka ta masu manyan gandaye ce.

Malaman Yahudawa na dā sun amsa wannan magana. Sun ƙayyade cewa abin da za a bari kada ya gaza kashi ɗaya cikin 60 na amfanin gona. Mai dami 60 ya bar ɗaya, mai 30 ya bar rabin dami. Ƙanƙantar gona takan rage yawan abin, amma ba ta ɗauke wajibcinsa.

Mu kuma lura, kala ya fi sadaka kiyaye mutunci. Rut ba ta yi bara ba, da guminta ta tattara abin da Allah ya keɓe mata.

Saboda haka, a kakar bana kada mu tura yara su share bayan masu girbi. Tsohuwar da ta shigo tsintar zangarniya ko gyaɗa, ko ta addininmu ce ko ba tamu ba, kada mu kore ta. Sa'an nan mu kai daminmu gaban bagade ranar godiyar kaka da zuciya mai tsabta.