Murjani: Ƴar Halittar Da Ke Gini A Ƙarƙashin Teku

Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai, wanda Ya halicci abin da muke gani da abin da ba mu gani, a tudu da cikin ruwa. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu (SAW), da alayensa, da sahabbansa, da waɗanda suka bi su da kyautatawa har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku ƴan uwa Musulmi, dalilin wannan nasiha wata tambaya ce da wata dattijuwa ta aiko jikanta da ita bayan mun kammala karatun Suratur Rahman. Ta ce, shin murjanin da Allah Ya ambata a cikin surar shi ne wannan ja da ta gada wajen mahaifiyarta, wanda take aje da shi a ƙasan adaka? In kuwa shi ne, to dutse ne ko icce ne? Na ga amsar ta fi ƙarfin saƙon baka, kuma akwai wa'azi a cikinta ga kowa da kowa, shi ya sa na rubuta ta a nan.

Abin da magabata suka ce

An ambaci murjani sau biyu a cikin Suratur Rahman: sau ɗaya tare da lu'ulu'u, cikin ni'imomin da ake fitarwa daga teku, sau ɗaya kuma tare da yaƙutu, wajen siffanta matan Aljanna. Malaman tafsiri sun saɓa a kan ma'anarsa. Waɗansu sun ce ƙananan lu'ulu'u ake nufi, waɗansu sun ce manyansa, an kuma ruwaito daga Abdullahi ɗan Mas'udu (RA) cewa jan dutsen ado ne. To wannan na ƙarshe shi ne wanda iyayenmu mata suka sani, wanda fatake suka riƙa ƙetaro Sahara da shi daga gaɓar Bahar Rum.

Amma mene ne asalinsa? Malam Ahmad at-Tifashi, wanda ya rasu a Alƙahira a shekarar 1253, ya wallafa littafi a kan duwatsu masu daraja, ya ajiye murjani tsakanin sandararrun abubuwa da tsirrai, domin yana da taurin dutse, yana kuma da rassa kamar icce. A shekarar 1706 wani masani ɗan Italiya mai suna Marsigli ya sa reshen murjani cikin ruwan teku, sai ya ga waɗansu ƴan fararen abubuwa sun buɗe a jikinsa, ya ce ai ga furanninsa nan, magana ta ƙare, murjani tsiro ne. Sai wani likita ɗan Marsai ta ƙasar Faransa mai suna Peyssonnel ya bi masunta, har zuwa gaɓar Aljeriya a shekarar 1725, ya lura da cewa waɗannan furanni suna motsi, suna noƙewa in an taɓa su. Ya ce waɗannan dabbobi ne. Manyan masana na Paris ba su yarda ba, sai da aka yi shekaru kafin gaskiyarsa ta tabbata. Ku duba, ƴan uwa, abu yana rataye a wuyan mutane ƙarni bayan ƙarni, ba su san ko mene ne ba. Ilmin ɗan Adam ke nan.

Yadda Allah Ya ƙera ta

Dabbar murjani tana cikin dabbobi marasa ƙashin baya. Masana suna kiranta polip, kuma tsawonta ƴan milimetir ne kawai. Siffarta kamar ƴar jaka ce mai taushi, gindinta liƙe wuri ɗaya, bakinta a sama, kewaye da bakin kuma akwai ƴan hannuwa. Ta jan murjani hannuwanta takwas ne, kowane da geza kamar gashin tsuntsu, jikinta kuwa fari ne fat. Ba ta da ido, ba ta da ƙwaƙwalwa, ba ta da zuciya, ba ta da jini. Ƙofa ɗaya gare ta, ta nan abinci ke shiga, ta nan kuma abin da ya saura ke fita. Jijiyoyinta a baje suke cikin jiki kamar koma, shi ya sa in an taɓa ta sai ta noƙe.

Ba ta iya tashi ta nemi abinci, amma Mai arzutawa bai manta da ita ba. Ya sanya a jikin hannuwanta waɗansu ƙananan kibau masu dafi, kowace a naɗe cikin kubenta, ido ba ya ganinsu sai da madubin likita. In ƴar ƙaramar halitta ta biyo ruwa ta goge su, sai kibiya ta fita ta harbe ta, hannuwa su kai ta baki. Alƙur'ani ya sanar da mu cewa arzikin kowace dabba yana ga Allah, kuma ga shaida a kan wadda ba ta da ko ƙafar zuwa nema.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne ba ta zama ita kaɗai. Polip ɗaya takan toho ta fitar da wata, wannan ma ta fitar da wata, har su zama ɗaruruwa, dukkansu haɗe da tsoka guda wadda ta lulluɓe reshen. A cikin tsokar nan akwai ƴan magudanai, ta yadda abin da ɗaya ta kama ƴan uwanta suna samun rabonsu. Su ne kuma suke tsamo sinadari daga ruwan teku, irin wanda ke cikin ɓawon ƙwai da ƙwaryar katantanwa, suna gina ƙashin da suke zaune a kai. To wannan ƙashi shi ake yankewa, a goge, a huda, a zarga a zare. Ke nan, Hajiya, abin da ke cikin adakarki ƙashin dabbobi ne, gidan da wata al'umma ta gina wa kanta a cikin duhun teku.

Jan murjani yana rayuwa a Bahar Rum da gaɓar Atlantika da ke kusa da ita, cikin kogunan dutse da wurare masu ƙarancin haske. Kaurin reshensa ba ya ƙaruwa da ko milimetir ɗaya a shekara. Reshen da ya kai kaurin yatsa, shekaru gommai ya yi yana girma, wataƙila ya girmi wadda za ta rataya shi. Amma a da masunta sukan ja wani gilmammen icce ko ƙarfe mai raga a ƙasan teku, ya kakkarya babba da ƙarami a wuni guda. Tarayyar Turai ta hana wannan na'ura a shekarar 1994, daga baya kuma hukumar kamun kifi ta Bahar Rum ta hana yanke reshen da gindinsa bai kai milimetir 7 ba.

Masu gina duwatsu da baƙonsu

Jan murjani yana da ƴan uwa waɗanda ke zaune a ruwa mai ɗumi, marar zurfi, mai haske. Hannuwansu shida ne ko ninkin shida, ƙashinsu fari, kuma su ne suke gina duwatsu a cikin teku, ƴaƴa a kan ƙasusuwan iyaye. Wanda ke gaɓar Ostareliya tsawonsa ya kai kimanin kilometir 2,300. Alhazanmu ma sun gan su ko da ba su sani ba, domin gaɓar Bahar Maliya cike take da su. Tsoffin gidajen Jidda da irin dutsen nan aka gina su, haka ma gidajen Sawakin ta ƙasar Sudan, inda kakanninmu masu zuwa Makka a ƙasa suke shiga jirgin ruwa. Duk faɗin waɗannan duwatsu bai kai kashi 1 cikin 100 na ƙasan teku ba, amma kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na nau'o'in halittun teku a jikinsu suke samun mafaka ko abinci. A gaɓar Ostareliya kuwa, sau ɗaya a shekara, ƴan kwanaki bayan wata ya cika, sai nau'o'i masu yawa su saki ƙwayayensu cikin dare a lokaci guda. Wa ya koya wa marar ido lissafin wata?

Yaya halitta mai rauni haka ta iya wannan gini? Asirin yana ga wani baƙo. A cikin tsokar waɗannan masu gini akwai wata ƴar gansakuka mai ƙwaya ɗaya, wadda take zaune a ciki da yawan gaske. Dabbar ta ba ta masauki da tsaro, ta kuma ba ta abin da jikinta ke fitarwa, wanda ya zame wa gansakukar taki. Ita kuwa gansakuka tana amfani da hasken rana ta haɗa abinci, ta ba mai masaukinta mafi yawansa, har yakan kai kashi 90 cikin 100 na abin da dabbar ke bukata. Yawancin launin da ake gani a jikin murjanin ma na baƙon ne.

Amma in ruwa ya yi zafi, ko da da digiri ɗaya ne sama da zafin da aka saba a bazara, ya kuma daɗe makonni, sai aikin gansakukar ya rikice, ta fara fitar da abin da ke cutar da mai gida. Sai dabbar ta kore ta. Nan take murjanin ya koma fari kamar likkafani, ana hango ƙashinsa ta cikin tsoka. Bai mutu ba tukuna, amma yunwa ta kama shi. In sanyi ya dawo da wuri, baƙo yakan komo, gida ya farfaɗo. In zafi ya zarce, sai mutuwa, kifaye su watse, masunta su rasa abin kai wa gida. Wannan masifa ta game tekunan duniya a shekarar 1998, da 2010, da tsakanin 2014 zuwa 2017, kuma a watan Afrilu na 2024 masana suka ba da sanarwar karo na huɗu. Babban dalili shi ne ɗumamar duniya saboda hayaƙin man fetur da gawayin ƙasa da mutane ke ƙonawa. Suratur Rum ta riga ta faɗakar da mu cewa ɓarna takan bayyana a tudu da teku saboda aikin hannuwan mutane.

Abin lura gare mu

Ya ku ƴan uwa, mu mutanen tudu ne, da yawanmu ba su taɓa ganin teku ba. Amma da na karanta labarin mai gida da baƙonsa, ban tuna kowa ba sai manomi da makiyayi. Mun tashi mun tarar in an cire amfanin gona, makiyayi yakan sauka a gonar mutum, dabbobinsa su ci kara su bar taki, a ba shi hatsi ya ba da nono. Kowa ya ƙaru da ɗan uwansa. Da zafi ya zo, wato ƙarancin ruwa da ƙarancin ƙasa, sai aka fara cinye burtali, aka toshe mashaya, aka fara sakin dabbobi cikin gona tun hatsi na tsaye, kowa ya ga ɗan uwansa shi ne cutarsa. Wanda ya yi wayo a shekarar 1991 bai manta da rayukan da suka salwanta a Toda, cikin jihar Maraɗi ba. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya kiyaye na gaba.

Sai dai akwai bambanci babba. Dabbar murjani ba ta da hankali, ba ta da zaɓi, ba za a tambaye ta ranar alƙiyama don me ta kori baƙonta ba. Mu kuwa an ba mu hankali, an aiko mana Manzo (SAW) wanda ya haɗa girmama baƙo da kyautata wa maƙwabci da imani da Allah da ranar lahira. Za a tambaye mu. Kuma sakamakon duniya ma a bayyane yake: gonar da ta rasa taki tana yin fari kamar yadda murjani ke yi. Saboda haka ina kira ga manomi ya bar burtali inda ya gada, ga makiyayi ya jira ranar da hukuma ta sa ta sakin gonaki, kuma in ɓarna ta auku a kai magana gaban masu sulhu, kada kowa ya ɗauki doka a hannunsa. Amanar da aka yi shekaru ana ginawa, kamar reshen nan take, wuni ɗaya ya isa a karya ta.

Waɗansu hukunce-hukunce

Na farko, ado da murjani halal ne ga mata, domin Allah Ya lissafa kayan adon teku cikin ni'imominSa a Suratun Nahli da Suratu Faɗir. Kasancewarsa ƙashin dabba ba ya sa shi zama najasa, saboda a mazhabar Imamu Malik dabbar ruwa mai tsarki ce, a raye ko a mace.

Na biyu, babu zakka a kansa in don ado aka aje shi. Amma ɗan kasuwa sai ya haɗa ƙimarsa cikin dukiyar kasuwancinsa.

Na uku, kasuwa cike take da jan roba da gilas da rinannun duwatsu. Sayar da su ba laifi ba ne in an faɗi gaskiya, amma kiransu murjani don a ƙara kuɗi algus ne, kuma Manzon Allah (SAW) ya barranta daga mai algus.

Na huɗu, kada a ɗaura wa yaro da nufin tsari daga kambun baka. Wadda ta gina shi ba ta iya kare kanta daga zafin ruwa ba, balle ƙashinta ya kare ɗan wani. Tsari yana ga Allah Shi kaɗai.

Ya Allah Ka ƙara mana ilmi mai amfani, Ka sanya mu cikin masu tunani a kan halittarKa. Ya Allah Ka haɗa kawunanmu, Ka ba mu damina mai albarka, Ka zaunar da ƙasarmu lafiya, Ka gafarta wa iyayenmu da malamanmu. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa daga gare ni ne.

Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.