Mai Cuta Biyu: Zunubi Ne Ko Ciwo?

Ya kai mai karatu, ko kai sabon mai bi ne, ko mai neman sanin Hanya, ga wata tambaya wadda ba za ka daɗe cikin jama'ar Almasihu ba sai an kawo ta gabanka. Ga saurayi a unguwa, a ce nan Ƙofar Kibo, yana shan wiwi da ƙwayar tiramol, hankalinsa kuma ya taɓu. Ba ya barci, yana jin muryoyi inda babu kowa, yana zargin uwarsa da zuba masa dafi a tuwo. Waɗansu suna cewa mai zunubi ne, a hore shi. Waɗansu kuwa suna cewa majiyyaci ne, ba shi da laifi. Ina gaskiya?

Dukansu suna so su san wanda ya riga wani, shan ko ciwon. Amma likitocin da ke jiyyar irin waɗannan suna ganin hanya biyu. Akwai wanda wiwi ya tayar masa da taɓin hankali. Akwai kuma wanda baƙin ciki da rashin barci suka riga suka cinye shi a ɓoye, ya nemi sauƙi wurin ƙwaya, gama ba wanda ya gaya masa wannan ciwo yana da magani. Sa'ad da aka kawo su asibiti, abu biyun sun zama jini da hanta. Idan aka raba shi da ƙwaya aka bar baƙin cikin, zai koma mata. Idan aka ba shi maganin hankali yana kan sha, maganin ba zai yi aiki yadda ya kamata ba. Domin wannan ake jiyyar duka biyu tare.

A 2018 gwamnati ta hana maganin tari mai kodin, ta kuwa yi daidai. Amma hana kwalba ba ya taɓa abin da ya kai hannu gare ta.

Ba na ce maka babu zunubi ba. A shan farko akwai zaɓi, mutum kuma za ya ba da lissafinsa ga Allah. Sai dai tuba tana bukatar hankali, ba a kuwa zaunar da mai zazzaɓi a yi masa shari'a. Bari hankalinsa ya komo tukuna.

Iyaye da yawa, don gajiya ba don mugunta ba, suna kai 'ya'yansu gidan mari.  Amma a Satumba 2019 'yan sanda suka buɗe wani gida a Rigasa ta Kaduna, suka fito da mutum wajen 300, waɗansu da sarƙa a ƙafa. Kada ka yi saurin nuna wa maƙwabci yatsa, gama a shekarar nan ƙungiyar Human Rights Watch ta iske ana ɗaure mutane har cikin gidajen addu'a na masu kiran sunan Almasihu. Abin kunyarmu ke nan. Duba sura ta 5 ta Linjilar Markus. Mutanen garin sun gwada sarƙa a kan mai zama cikin kaburbura, ba ta amfane shi ba. Ubangiji kuwa ya yi magana da shi, ya warkar da shi, ya mayar da shi gida wurin danginsa.

To, ka kai ɗan'uwanka Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika, ko asibitin masu taɓin hankali na Barnawa a Kaduna. Ka faɗa wa likita dukan abin da yake sha, kada kunya ta sa ka ɓoye rabi. Wanda ya daɗe yana shan giya kullum, kada ka kulle shi a ɗaki domin ya bari farat ɗaya, gama jijjiga tana iya kama shi har ta kashe shi. Akwai kuma masu himma marasa sani da za su ce masa ya zubar da maganin asibiti domin ya nuna bangaskiya. Ka tsaya musu. Maganin baƙin ciki yakan yi makonni kafin a ga aikinsa, wanda kuma ya yanke magani don ya ji sauƙi, sau da yawa ciwon yakan komo masa. Ka yi addu'a tare da shi, ka kuma riƙe ranar komawarsa asibiti, ka raka shi. Idan ya faɗi ya sake sha, ka sake raka shi. Idan kuwa ya fara zancen kashe kansa, kada ka jira gari ya waye.