Wa Zai Bi Bayan Fasto?

'Yan'uwa, mu mazaunan Nassarawa a Kano mun san abin da gadon kujera ya kan jawo. A shekara ta 2024 mun ga sarki ɗaya a fadar cikin birni, wani kuma a gidan Sarki na nan unguwarmu, jama'a suka rabu biyu. Shari'ar wannan ba tamu ba ce. Amma ta sa mun tambayi kanmu: ran da fastonmu ya tsufa, ko ma'aji ya kasa, ƙaƙa mu ke yi?

Yawancinmu ba mu son zancen. In ka tambayi dattijo wanda zai bi bayansa, sai ya ce fatan mutuwa ka ke yi masa. To, Musa fa? Shi da bakinsa ya roƙi Ubangiji ya sa wani bisa jama'a, tun yana da ƙarfinsa, ya kuwa ɗibiya wa Joshuwa hannu a gaban firist da dukan taro. Musa yana da 'ya'ya maza biyu, ba ko ɗayansu da ya gaje shi. Sama'ila mutumin Allah ne, amma da ya naɗa 'ya'yansa alƙalai suka ci hanci, har jama'a suka gaji suka nemi sarki.

Mu ma muna da namu labari. Mishan ta S.I.M. ta iso ƙasan nan a 1893, ta buɗe asibitin ido a Kano a 1943. A 1954 aka kafa E.C.W.A., amma sai a 1976 mishan ta danƙa mata sauran aikin da ke hannunta. Shekara 22 ke nan. A ganinmu an daɗe, gama mai riƙe da mabuɗi kullum ya kan ga ƙanensa bai isa ba tukuna. Duk da haka sun saki, kuma kafin su saki sun koyar da mutane a makarantun Littafi Mai Tsarki na Kagoro da Igbaja. Byang Kato, mutumin Kwoi, ya zama babban magatakardan E.C.W.A. a 1967. A Disamba 1975 ruwa ya ci shi a bakin teku a Kenya, yana da shekara 39 kaɗai. Da a ce shi ɗaya aka shirya, wa zai karɓi aikin a shekarar da ta biyo?

Wani zai ce, "Ashe fasto ne zai zaɓi magajinsa?" A'a. Nasa shi ne ya koyar, ba mutum ɗaya ba, ya kuma bar su su yi wa'azi yana zaune yana ji. Zaɓe na ekklesiya ne. Ku duba sura ta 6 ta Ayyukan Manzanni. Masu jin Helenanci suka yi gunaguni, wai ana ƙyale gwaurayensu wajen rabon abinci. Manzanni ba su tsawata musu ba. Suka ce jama'a su zaɓi mutum bakwai, su kuma suka ɗibiya musu hannu. Ku karanta sunayen nan bakwai, dukansu na Helenanci ne. Ga alama daga wajen masu ƙara aka ɗebo su.

Wannan yana da wuya a gare mu. Cikin majami'unmu na Kano akwai Bahaushe, da mutumin Zangon Kataf, da na Filato, da na Biu, duka muna sujada da Hausa. Amma ranar zaɓen dattawa kowa ya kan ƙidaya 'yan garinsu. Wace ekklesiya ce a cikinmu ta taɓa ba wa ƙabilar da ke gunaguni jakar baiko?

Kada kuma mu manta aikin da aka zaɓi mutanen nan bakwai dominsa, watau rabon abinci. Daga nan Istifanas ya fito, da Filibus mai bishara. Wanda mu ke so ya hau bagade gobe, mu duba ko yana zuwa sharar majami'a ran Asabar, ko matan zumunta sun taɓa ganinsa wurin gaida marasa lafiya.

Kafin zaɓe mai zuwa, bari ma'aji ya zauna da matasa biyu ya buɗe musu littafin kuɗi, fasto kuma ya ba wani Lahadi ɗaya cikin wata, shi ya zauna a benci tare da mu.