Wuta-wuta a Gindin Gero: Nasiha Kan Zukatan 'Ya'yanmu Yayin Komawa Makaranta

Ya ku jama'ar Sule Tankarkar, tun daga Danzomo da Jeke har Dangwanki, da 'yan uwanmu na Gumel da Maigatari da Gagarawa, ƙasar Lautai baki ɗaya.

Satumba ta kama, gero ya nuna, yara sun fara cin tumu, dogon hutu kuma ya ƙare. Magidanci nawa ne ya ja ɗan akuyarsa zuwa kasuwar Maigatari ran Alhamis, ya dawo da yadin yunifom da sandal da littattafan rubutu? Uwa nawa ce ta fasa asusunta don kuɗin tara? Allah ya saka muku da alheri, ya mayar muku da ninkin abin da kuka kashe. Sai dai akwai kaya guda da yaro ke tafiya da shi makaranta kullum safiya, wanda ba a saka shi a jaka, kuma mu manya ba mu cika duba shi ba. Zuciyarsa nake nufi.

Duk manomin ƙasar nan ya san wuta-wuta. Ƙwayarta kamar ƙura take, tana iya kwanciya a ƙasa shekaru tana jira. Da gero ya tsiro sai ta maƙale a saiwarsa tana tsotsa tun a ƙarƙashin ƙasa. Mai gona sai dai ya ga geronsa ya tsumbure, ganye ya koɗe, alhali ruwa ya sauka, taki ma an zuba. Kafin ta ɓullo da furenta ta riga ta gama ɓarna. To haka damuwa take a zuciyar yaro. Ranar da muka ga ya faɗi jarrabawa, ko ya ƙi makaranta, ko ya shiga cikin abokan banza, fure kawai muka gani. Tsotson ya daɗe da farawa.

Bari in ba ku abin da ya faru a hannuna. Shekarun baya ina koyarwa a wata firamare ta ƙauye, sai wani yaro ɗan aji huɗu ya dawo bayan mako uku da buɗe makaranta. Hannayensa duk kanta, ƙafafunsa sun yi kaushi, rigarsa ta ɗage masa. Na tsayar da shi gaban allo na ce ya karanta. Ya sunkuyar da kai. Na maimaita, shiru. Raina ya ɓaci, na kira shi daƙiƙi, aji ya kwashe da dariya, na ƙara masa da bulala biyu. Washegari bai shigo ba. Kwana uku ina hango shi a bayan darbejiyar bakin makaranta, jakarsa a rataye, yana leƙen aji ta taga, in an tashi ya bi yara gida kamar ya yi karatu. Ran na huɗu kakarsa ta zo tana dogara sanda, ta ce, "Malam, uban ɗan nan ya rasu tsakiyar damina. Shi ya yi mana girbi. Da dare ba ya barci, sai ya riƙa kiran Baba." Wallahi har yau in na tuna sai jikina ya yi sanyi. Da yamma na je gidansu, na zauna kan tabarma, na yi masa gaisuwar da ya kamata in yi tun farko, na ba shi haƙuri. Ya dawo aji, kuma kafin zangon ya ƙare yana cikin masu ɗaga hannu. Da tambaya guda na yi masa ranar farko, da ta isa: me ya tsare ka?

Wani zai ce yaro me ya sani da har zai shiga damuwa? Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a cikin kowane yara bakwai masu shekara 10 zuwa 19, ɗaya na fama da wata larura ta ƙwaƙwalwa ko ta zuciya, kuma kusan rabin irin waɗannan larurori kan fara ne kafin mutum ya wuce shekara 14. Binciken da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta yi tare da UNICEF a 2014 ya nuna cewa yara shida cikin goma a Nijeriya sukan gamu da wani nau'in cin zarafi kafin su kai shekara 18, kuma ƙalilan ne ke samun taimako. Masana tarbiyya sun daɗe da tabbatar da abin da kowane malami ya gani da idonsa: yaron da ke cikin fargaba ba ya riƙe karatu, domin hankalinsa yana kan bulala ko dariyar 'yan aji, ba ya kan allo.

Labarin zuciya a tambayi fuska. Yaro ba zai zo ya ce "ina cikin ƙunci" ba, bai ma san sunan abin da ke cinsa ba. Jikinsa ne zai yi magana. Kullum da safe ciwon ciki, amma ran Asabar garau. Mai surutu ya koma shiru-shiru. Wanda ya daina fitsarin kwance ya dawo da shi. Ya rage cin abinci, yana firgita cikin barci, ko ya zama mafaɗaci yana dukan ƙannensa. Yarinya ta fara ƙirƙiro aikin gida don kada ta fita, wataƙila al'ada ta fara zuwa mata ba wanda ya yi mata bayani, ko wani yana tare ta a hanya, ko an yi mata gorin hijabinta da ya yage. Ɗan rugar da Hausa ba ta zauna masa ba, yara na kwaikwayon maganarsa. Ɗan aji ɗaya da bai taɓa yini ba tare da uwarsa ba. Wadda aka kai makarantar kwana karon farko, kewar gida ga cin zalin manyan ɗalibai. Duk waɗannan, shiru ma magana ce.

Na san al'adarmu. An rene mu da kunya da kawaici, har uwa ba ta kiran sunan ɗan farinta, uba kuma kwarjininsa kan sa yara su watse in ya yi sallama. Kunya ado ce, ba na kiran a yar da ita. Amma magabatanmu da suka kafa kunya tsakanin ɗa da mahaifi, su ne kuma suka buɗe ƙofar wasa tsakanin jika da kaka. Abin da yarinya ba za ta iya faɗa wa uwarta ba, takan faɗa wa goggo ko inna. Abin da yaro zai ɓoye wa ubansa, yakan amayar wa kawu a hanyar gona. Mu raya wannan ƙofa. Kowane yaro a gidanmu ya kasance yana da babba guda da zai iya kai wa kuka ba tare da tsoron duka ko tonon asiri ba.

Addininmu ma ya riga kowa. Anas ɗan Malik ya yi wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, hidima shekara goma tun yana yaro, kuma ya shaida cewa bai taɓa yi masa ko tsaki ba. Ƙanen Anas, Abu Umair, yana da ɗan tsuntsu da yake wasa da shi. Tsuntsun ya mutu, Annabi ya lura da baƙin cikin yaron, ya tsaya yana tambayarsa labarin tsuntsunsa cikin raha. Shugaban al'umma guda, ga ɗawainiyar Madina a kansa, bai raina hawayen yaro a kan tsuntsu ba. Haka nan da Aƙra'u ɗan Habis ya ce yana da 'ya'ya goma bai taɓa sumbatar ko ɗaya ba, an nuna masa cewa rahamar Allah tana ga masu jin ƙai. To mu wane aiki ne ya sha mana kai?

Ya ku iyaye maza, in an dawo daga masallaci bayan magariba, ka kira ɗanka kusa. Kada ka tsaya a kan "na nawa ka zo?" Tambaye shi da wa yake zama a aji, wane malami yake so, me ya ba shi haushi yau. In ya fara magana ka bar shi ya kai aya. Kada ka auna shi da ɗan maƙwabci, kowane gero da lokacin nunarsa. In girbin gero ko na riɗi ya tilasta ka riƙe shi, taka ka je ka gaya wa hedimasta da bakinka, kada yaro ya sha dukan laifin da ba nasa ba.

Ya ku iyaye mata, ko ɗumame ne ko koko, kada yaro ya fita da ciki wayam, domin yunwa ita ma tana kawo ƙunci. Ku kiyaye harshe. "Ba za ka yi albarka ba" kalma ce da kan bi yaro har tsufansa. Faɗan kishi kuma a kau da shi daga idon yara. Ɗan kishiya da ɗan riƙo su ma zuciya gare su.

Ya ku malamai 'yan uwana, na boko da na Islamiyya da na allo, na san aji ya cika, na san albashi ba ya kai wata. Duk da haka, makon farko ku mai da shi makon sanin juna. Ku kira kowane yaro da sunansa. Wanda ya makara a tambaye shi dalili kafin tsallen kwaɗo, mai yiwuwa daga rijiya yake ko daga kiwo. A daina laƙaba wa yara sunayen wulaƙanci, a hana monita zama ɗan sanda. Yawancinmu mun ratsa ta Kwalejin Ilimi ta Gumel, an koya mana halayyar yara, kada mu bar wannan ilimi a takardar shaida.

Ya ku hakimai da dagatai da masu unguwanni da limamai, ɗa na kowa ne. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta wa kowane yaro karatun shekara tara kyauta, jiharmu kuma ta samu dokar kare yara a 2021. Amma doka ba ta san gidan da aka yi rasuwa ba, mai unguwa ne ya sani. Mun ga yadda gobarar tankar mai a Majiya, cikin Oktoba 2024, ta ɗauke mutum fiye da 150 a dare ɗaya, ta bar marayu a gidaje da dama. Ko ba irin wannan babbar musiba ba, babu unguwar da damina ke wucewa ba ta bar maraya ba. Kwamitin makaranta da ƙungiyar iyaye da malamai su san sunayen waɗannan yara, a ɗinka musu yunifom a asirce, ba a gaban taro ba. Limamai su ware huɗuba guda a kan haƙƙin zuciyar yaro.

In kuwa abin ya wuce lallashi, yaro ya yi makonni ba ya ci ba ya barci, ko yana sumewa, ko yana ambaton gara ya mutu, to a yi addu'a, a kuma garzaya asibiti. A fara da na kusa ko babban asibitin Gumel, ga kuma asibitin ƙwaƙwalwa a Kazaure. Wannan ciwo ne kamar zazzaɓin cizon sauro, yana da magani, kuma ba abin kunya ba ne.

Jama'a, manomin kirki ba ya jiran wuta-wuta ta yi fure. Yakan zaga gonarsa da sassafe, ya durƙusa, ya duba gindi. Gobe kafin ɗanka ya rataya jaka, durƙusa daidai tsayinsa, ka dubi fuskarsa, ka sa masa albarka da sunansa. Allah ya raya mana zuri'a, ya sanya natsuwa a zukatansu, ya ba su ilimi mai amfani, ya yafe mana inda muka gaza a kansu. Amin.