Bayan Ƙurunƙus: Shin Labari Yana da Haƙƙin Ya Mutu?

Tatsuniya tana da ƙofa biyu. Ta shiga ita ce "ga ta nan, ga ta nanku", ta fita kuma "ƙurunƙus". Idan kaka ta ce ƙurunƙus, zance ya ƙare ke nan, ko da jikoki sun yi ta magiya. Gizo ya koma inda ya fito, Ƙoƙi ta bi shi, kowa ya nemi tabarmarsa. A haka aka rene mu, mun san labari abu ne mai rai: ana haihuwarsa, ya girma, ya mutu. Amma masu kallon talabijin na wannan zamani sun daina yarda da ƙurunƙus. Idan shirin da suke so ya ƙare, sai su tashi su bi shi duk inda ya koma, kuma sau da yawa inda yake komawa shi ne littattafan zane, waɗanda yaranmu na nan Kamaru ke kira "bede". Tambayar da nake so mu tattauna, ya kai mai karatu, ita ce: wannan bin sawu amana ce ko kwaɗayi? Shi kuma mai labari da ke buɗe ƙofar da ya riga ya rufe, bashi yake biya ko kasuwa yake ci?

Bari mu fara daga gida. A Gidar da Garwa akwai samari da yawa, musamman 'yan lise, da suka tashi da kallon Naruto da One Piece a tashoshin tauraron ɗan'adam ko a wayar hannu. Waɗannan shirye-shirye na Japan asalinsu a takarda suke, wato manga. Masashi Kishimoto ya zana Naruto daga 1999 zuwa 2014, babi 700 a littafi 72. Eiichiro Oda ya fara One Piece a 1997, ya wuce babi 1,000 a farkon 2021. Da yake shirin talabijin a bayan takarda yake tafiya, har wani lokaci masu shirin kan cusa labaran cike gurbi don kada su cim ma mai zanen, sai yaro mai ɗoki ya gaji da jira, ya koma wayarsa ya nemi fassarar Faransanci ya karanta. Ana karanta manga daga dama zuwa hagu, abin da ke rikita Bature, amma yaron da ya yi makarantar allo ba ya buƙatar a koya masa. Waɗannan sun bi kogi ne zuwa mafarinsa.

Akwai kuma waɗanda aka haƙa wa sabon rafi bayan kogin ya ƙafe. A Amurka, shirin Buffy the Vampire Slayer ya yi zango bakwai daga 1997 zuwa 2003, ya rufe. A 2007 mai shirin, Joss Whedon, tare da kamfanin Dark Horse, ya ci gaba da labarin a littafin zane, ya kuma sa masa suna zango na takwas kai tsaye, fitowa 40 har zuwa 2011. Haka shirin yara na Avatar: The Last Airbender, wanda tashar Nickelodeon ta nuna daga 2005 zuwa 2008, ya ci gaba a takarda daga 2012. Masu kallo da yawa da ba su taɓa sayen littafin zane ba suka shiga kantinsa saboda ƙaunar mutanen da suka saba gani a allo.

Ni mai aikin rediyo ne, na kuma san wannan ƙishirwa da idona, ko in ce da kunnena. Duk ranar da aka karanta shafin ƙarshe na wani littafin Hausa a iska, waya ba ta hutawa. Wata baiwar Allah za ta kira ta ce, "Malam, to ita yarinyar ta haihu kuwa?" Wani dattijo ya ce, "Ɗana, shi azzalumin nan haka aka bar shi?" Sun san ƙirƙira ce, ba wanda ya ruɗe a cikinsu. Sai dai sun yi makonni suna zama da waɗannan mutane bayan sallar isha'i, sabo kuwa turken wawa ne, har da mai wayo yana ɗaurewa. Ban ga laifi a wannan ba. Zuciyar da ke damuwa da makomar wanda babu shi, ita ce dai zuciyar da ke tambayar lafiyar maƙwabci.

Har ma akwai wata riba da ba a cika lura da ita ba. Rediyo yana ba ka murya, kai ka ƙera fuska. Littafin zane yana ba ka fuska, kai ka kawo murya. Tsakanin hoto da hoto akwai ɗan fili fari, a nan ne mai karatu ke aiki: an nuna an ɗaga takobi, an nuna mutum a ƙasa, saran kuwa a ƙwaƙwalwarka aka yi shi. Talabijin ba ya barin maka wannan aiki, shi ke taunawa ya ba ka. Saboda haka yaron da ya tashi daga allo ya koma takarda ya ƙaru, ko iyayensa ba su gani ba. Na san yaran da littafin makaranta ke sa su hamma, amma sun karanta ɗaruruwan shafuka da Faransanci don su san makomar Luffy.

To ina matsalar take? Tana wajen mai labari, tana kuma wajen abin da muke nema daga gare shi. A ganina ci gaban labari iri biyu ne, kuma misalan nan biyu na Amurka sun raba su sarai.

A kashin ƙarshe na Avatar, yarima Zuko ya je kurkuku ya tambayi mahaifinsa inda mahaifiyarsa take, aka rufe shirin ba a ba da amsa ba. Wannan bashi ne. Mai labari ne ya ɗaura ƙulli a zuciyar mai kallo, ya tafi bai kwance ba. Da littafin The Search ya fito a 2013, wanda Gene Luen Yang ya rubuta tare da masu shirin na asali, sai ya amsa wannan tambaya. Wanda ya bi labarin zuwa can haƙƙinsa ya je karɓa. Alkawari kaya ne, mai labarin ya sauke nasa.

Buffy kuwa ta ƙare cikakkiya. Garin da aka yi shekara bakwai ana fama a cikinsa ya rufta ƙasa, nauyin da ke kan yarinya ɗaya aka raba shi ga mata da yawa, aka tambaye ta me za a yi yanzu, ta yi murmushi kawai. Da aka koma takarda, inda zana runduna ko dodo ba ya cin kuɗin da yake ci a gaban kyamara, sai linzami ya kwance: ƙanwarta ta zama ƙatuwa kamar bene, ita kanta ta riƙa tashi sama. Masoya da dama suka yi ƙorafin cewa mutanen da suka sani sun ɓace cikin hayaniya, kuma zango na tara ya dawo da labarin ƙasa, cikin rayuwar yau da kullum. Ashe ƙarancin kuɗin da ake kuka da shi a talabijin yana daga cikin abin da ya riƙe labarin a kan hanya. Kowa ya ce zai haɗiye gatari, sai a riƙe masa ƙota.

Wannan jayayya ta girmi talabijin. A 1893 Arthur Conan Doyle ya gaji da ɗan binciken nan da ya ƙirƙira, Sherlock Holmes, ya jefa shi a wani magangarin ruwa na ƙasar Suwizalan don ya huta ya rubuta wasu abubuwan. Masu karatu ba su yarda ba, masu buga mujallu ma haka, har a 1903 ya tashe shi, ya ce ashe bai mutu ba. Mu ma muna da namu. Dubi shirye-shiryenmu masu dogon zango, tun daga Daɗin Kowa na tashar Arewa24 har zuwa Labarina na Aminu Saira da Izzar So na Lawan Ahmad. Duk wanda ke bin irin waɗannan ya san lokacin da labari ke tafiya da ƙafarsa, ya kuma san lokacin da ake jan sa a ƙasa don kada masu kallo su watse. Wannan jarabawa ce da ke gaban duk wanda shirinsa ya karɓu, a Kano yake ko a Tokyo.

Jan labari a kan kansa ba aibi ba ne. A littafin farko na Magana Jari Ce, wanda Abubakar Imam ya rubuta aka buga a 1937, aku yana jan labari dare bayan dare don ya hana Musa ɗan sarki fita ya faɗa tarkon waziri. Shaharzad ta Dare Dubu da Ɗaya ita ma ta ja labari don ta tsirar da ranta da na 'yan matan garinsu. Dukansu suna da dalilin da ya fi labarin girma. Abin tambaya ga mai shiri na yau shi ne: wa kake tsarewa da wannan jan da kake yi? Idan amsar ita ce aljihunka kaɗai, to mai kallo ya tashi daga baƙon da kake karramawa ya koma saniyar tatsa.

Akwai wani wuri da batun ya fi nauyi. Ɗan wasa mutum ne: yana tsufa, yana saɓawa da mai shiri, yana barin aiki, yana mutuwa. Lokacin da Nafisa Abdullahi ta bar Labarina aka ba Fati Washa matsayin Sumayya, masu kallo sun daɗe suna muhawara, domin fuska ta canja. A takarda babu wannan. Wanda aka zana ba ya furfura, ba ya neman ƙarin kuɗi, ba ya cewa a'a. Ka ɗauka yau wani ya ce zai ci gaba da barkwancin Rabilu Musa Ibro, Allah ya jiƙansa, wanda ya rasu a watan Disamba na 2014, ta hanyar zane. Da yawanmu za mu yi murna, don muna kewarsa. Amma za a sa masa magana a baki wadda bai faɗa ba, a lokacin da ba shi da ikon ƙi. Wa zai ba da izini? Wa zai ci ribar? Iyalinsa ko wani mai wayo? A nan ne nake ganin ƙaunarmu kan iya rikiɗa ta zama rashin kunya ga mamaci. Wani lokaci cikar ƙauna ita ce ka yi addu'a, ka bar abin da mutum ya bari yadda ya bar shi.

Shi ya sa nake ganin ƙurunƙus ɗin kaka tarbiyya ce babba. Yaron da ya saba jin labari mai daɗi ya ƙare, ya kwana da kewarsa, ya tashi lafiya, ana koya masa yadda zai jure rabuwa tun kafin rabuwar gaske ta zo. Damina tana ƙarewa, kogin Mayo-Luti da ke cika ya tumbatsa a watan Agusta yakan koma yashi da rani, kasuwa tana tashi, iyaye suna tafiya. Wanda duk labaransa ba sa ƙarewa, duk jaruminsa da ya mutu sai ya tashi a littafi na gaba, an hana shi wannan horo. Kuma ƙarshe shi ke ba abin da ya gabata ma'ana. Sadaukarwar da za a warware ta a fitowa ta gaba ba ta da nauyi a zuciya.

Bashin nan kuma ba a wuyan mai labari kaɗai yake ba. Yawancin abin da samarinmu ke karantawa a waya kwafi ne da aka ɗora a intanet ba da izinin mai shi ba. Na san uzurin: littafin gaske yana da tsada, kuma da wuya ka same shi a kasuwanninmu na arewa. Duk da haka, wanda ke neman mai zane ya cika masa alkawari ya kamata ya tuna cewa akwai gumin wani a kowane shafi. Wannan ma dalili ne da zai sa mu yi namu. Afirka ba baƙuwa ba ce a wannan fage. Iyayenmu da yayyenmu da suka yi makarantar Faransanci sun san mujallar Kouakou. Marguerite Abouet ta Kodebuwa ta fitar da Aya de Yopougon a 2005, ya zama fim a 2013. Papa Ajasco na Wale Adenuga a Najeriya daga zanen mujalla ya tashi ya shiga talabijin. A Duwala da Yawunde ana bikin masu zane na Mboa BD. Me zai hana marubucin Kano da mai zane na Garwa su haɗa hannu, su ba yaranmu labarin da za su bi da harshensu, a kuɗin da za su iya biya?

Idan Allah ya kawo wannan rana, ga shawarata ga ɓangarorin biyu. Kai mai bin labari, ka bi, babu kunya a cikin ƙauna, amma ka tambayi kanka ko amsa ka je nema ko kuwa tsoron bankwana ne ya kore ka daga gida. Kai kuma mai labari, idan akwai ƙullin da ka bari, ka dawo ka kwance shi, a allo ko a takarda. Idan babu, ka yi jarumtar tsofaffinmu, ka dubi masu magiya ka ce musu dare ya yi. Za su ji haushinka a daren, amma za su riƙe labarinka har su ba jikokinsu.

Allah ya sa mu gama da duniya lafiya.